Kuɗin Jama'a da Ɗakin Mai Taɓin Hankali

Abuja birni ne da aka fara ginawa a kan takarda. A watan Fabrairu na shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta keɓe wannan yanki domin ya zama sabon babban birnin ƙasa. Aka zana inda kowace ma'aikata za ta zauna da inda kowane titi zai bi, sa'an nan a ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare. Duk wanda ya ratsa tsakiyar birnin zai ga abin da kuɗin jama'a ya iya yi: ga majalisa, ga sakatariya, ga filin wasa, ga gadoji. Amma akwai wani ɗaki guda wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da buƙatarsa ta faɗo wa gida, wato ɗakin da za a kwantar da mutumin da hankalinsa ya taɓu.

Shekaru da yawa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya guda takwas ne: Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Uselu a Benin, da na Kalaba, Inugu, Maiduguri, Kware ta Sakkwato, da Barnawa ta Kaduna. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya cikin Birnin Tarayya. Abin da mazauna Abuja suka dogara da shi shi ne sassan kula da ƙwaƙwalwa na Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da Babban Asibitin Karu, sai kuma asibitocin kuɗi waɗanda suka fi ƙarfin aljihun talaka. Iyalin da ke zaune a wani ƙauyen Abaji ko Kwali, idan ɗansu ya daina barci, ya shiga surutai, yana fasa kaya, tafiya ce mai nisa a gabansu. Saboda haka da yawa sukan nufi wurin da ya fi kusa, ko gidan boka, ko gidan mari, ko gidan addu'a.

A nan ne tambaya take tasowa ga ikilisiya. A ce wata ɗarika tana da fili a Kuje ko Bwari, tana kuma son gina wurin jinyar masu taɓin hankali. Ya halatta ta nemi kuɗi daga baitulmalin gwamnati? Ya halatta gwamnati ta ba ta? In an ba ta, wane sharaɗi ya kamata ya biyo kuɗin? Lauyoyi suna da nasu bayani a kai, amma tambayar ta lamiri ce tun kafin ta isa gaban lauya, domin wanda za a kwantar a ɗakin ɗan wani ne, kuma an halicce shi cikin kamannin Allah.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ƙasar nan ta daɗe tana aiki da ita a wannan fanni ita ce Dokar Mahaukata ta 1958, wadda ta samo tushe daga wata dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916. Babbar damuwar wannan doka ita ce yadda majistare da likita za su tabbatar cewa mutum ya haukace domin a tsare shi. Ba ta damu da warkewarsa ba, balle komawarsa gida. Tun 2003 aka fara kai ƙudurin sauya ta gaban Majalisar Ƙasa, ana kaiwa yana faɗuwa, har sai a farkon watan Janairu na 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021.

Sabuwar dokar ta tanadi a kafa sashe na musamman mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a kuma buɗe asusu domin wannan aiki. Ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa, ta hana a azabtar da shi ko a sa masa sarƙa. Har cikin shekarar 2024 likitoci da masu fafutuka suna ta kira ga gwamnati ta kafa sashen da asusun kamar yadda dokar ta ce. A wannan batu Abuja tana da matsayi dabam da na jihohi. Jiha tana iya cewa tana jiran majalisarta ta yi tata dokar, amma bisa ga sashe na 299 na Tsarin Mulkin 1999, Majalisar Ƙasa ita ce mai yi wa Birnin Tarayya doka. Don haka Abuja ba ta da wanda take jira.

Doka ta biyu da ta shafi gini kai tsaye ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗaɗen shigar Gwamnatin Tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Yadda dokar ta raba asusun abin lura ne. Kashi 50 na biyan kuɗin jinya ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 10 na horar da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Kashi 15 kacal aka ware wa gine-gine da gyaransu, haɗe da kayan aiki da sufuri. An kuma ce jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kashi 25 na kuɗin aiki kafin su ci moriyar asusun. Haka kuma dokar ta hana kowa, gwamnati ce ko ƙungiya, ya gina asibiti ko ya sauya fasalinsa ba tare da takardar shaidar cika ƙa'ida ba.

Wannan rabo yana ɗauke da wa'azi ga mai lura. Waɗanda suka tsara shi sun gane cewa bango shi ne ƙaramin rabo a cikin jinya. Sai dai a fannin ƙwaƙwalwa abin da aka daɗe ana yi ya saɓa wa wannan fahimta. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na tara na kiwon lafiya a matakin farko, wato a riƙa duba masu wannan lalura a asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Amma rahoton da aka fitar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 ya nuna cewa wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na kasafin lafiya na tarayya yake zuwa wannan fanni, kuma fiye da kashi 90 na wannan ɗan abin yana ƙarewa ne a manyan asibitocin nan. Manufa ta nufi ƙauye, kuɗi ya tsaya a birni.

Gini iri biyu

Tarihi ya nuna cewa ana iya kashe kuɗin jama'a a kan gini iri biyu, ko da yake duka biyun sunansu asibiti. Akwai ginin da aka yi domin a kawar da mutum daga idon jama'a, akwai kuma wanda aka yi domin a mayar da shi cikin jama'a.

Gidan mahaukata na Yaba, wanda aka buɗe a 1907 a cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa, irin na farko ne a lokacin da aka kafa shi. A wurare da dama ma ba a wahalar da kai wajen neman asibiti ba, kurkuku aka riƙa kai mutanen da ba su yi laifin komai ba sai ciwo. A ƙauyukan ƙasar Hausa kuwa akwai turu, wato gungumen da ake zura ƙafar mahaukaci a ciki. Ba lallai mugunta ce take sa iyali su yi haka ba. Sau da yawa tsoro ne da gajiya da rashin wata mafita.

Irin na biyu kuwa wani ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya shi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, inda maimakon a kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa, ana biyan masu gida kuɗin haya. Da rana su zo a duba su, a ba su magani, da yamma su koma cikin mutane. Kuɗin da aka kashe bai kai na gina manyan ɗakunan kwanciya ba, mutane kuma ba su yanke zumunci da danginsu ba. Wannan aiki ya sa sunan Lambo ya kai ko'ina, har daga baya ya zama Mataimakin Babban Darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Amurka ta ba da darasi ta wata fuskar. A ƙarshen watan Oktoba na 1963, makonni uku kafin a kashe shi, Shugaba John Kennedy ya sa hannu a kan dokar ba da kuɗin tarayya domin gina cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, da nufin rage cunkoson manyan asibitocin jihohi. Kuɗin farko na gini ne, na albashin ma'aikata ya biyo baya amma bai ɗore ba, kuma kusan rabin cibiyoyin da aka yi niyya ne kawai aka gina. A 1965 shirin biya wa talakawa kuɗin asibiti ya zo da ƙa'idar cewa gwamnatin tarayya ba za ta biya kuɗin jinyar manya a asibitocin da aka keɓe wa masu taɓin hankali ba, daga baya aka ce ƙa'idar ta shafi duk wanda ya wuce gado 16. Jihohi suka yi ta sallamar mutane suna rufe asibitoci, alhali wurin da zai karɓe su bai gama tsayuwa ba. Da yawa suka ƙare a bakin titi ko a kurkuku. Ƙa'idar kuɗi guda ɗaya, wadda aka rubuta da kyakkyawar niyya, ta sauya rayuwar dubban iyalai.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da tafkin Betasda a Yohanna sura 5. Wuri ne mai shirayi biyar, ginanne, cike da marasa lafiya. Amma mutumin da ya shekara 38 yana fama bai yi kukan rashin inuwa ba. Kukansa shi ne ba shi da wanda zai taimake shi. Duk wanda zai sa hannu a kan takardar kwangilar gina asibiti, ya kamata ya tuna da wannan mutum, ya tambayi wa zai zauna a cikin ginin yana aiki bayan an kwashe rumfunan bikin buɗewa. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar nan, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa a 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200.

Ikilisiya da baitulmali

Haɗin gwiwar ikilisiya da hukuma a kan jinya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A 1937 hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka danƙa wa mishan na SIM ragamar zangon kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. En'e tana ba da kuɗi daga baitulmali, mishan yana kawo likitoci da masu jinya. Sarakuna sun gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, kuma ba a rasa saɓani ba a kan yadda ake cika su. Duk da haka dubban mutanen da duniya ta ƙyamata sun sami magani. Daga baya, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan masu yawa, abin da har yanzu yake yi wa dattawan ikilisiya ciwo, domin wasu wuraren sun lalace a hannun waɗanda suka karɓa. Wannan tarihi yana da fuska biyu: haɗin gwiwa yana iya ceton rai, amma in ba a rubuta yarjejeniya dalla-dalla ba, wani ɓangare zai wayi gari yana cizon yatsa.

A fannin ƙwaƙwalwa ma akwai abin koyi. A 1989 aka kafa Amaudo a Itumbauzo ta Jihar Abiya ta yanzu, ƙarƙashin Ikilisiyar Methodist, da jagorancin wata 'yar Ingila, Rosalind Colwill. Ana ɗauko masu taɓin hankali daga bakin titi, su zauna wuri ɗaya da ma'aikata, su ci tare, su yi aiki tare, a ba su magani, a koya masu sana'a, sa'an nan a nemo danginsu a mayar da su gida. Daga baya aikin ya bazu zuwa ƙananan asibitoci inda ma'aikatan jinya na gwamnati suke duba marasa lafiya kusa da garuruwansu. Abin da ake auna nasarar wurin da shi shi ne yawan waɗanda suka koma gida.

Gardama biyu

Akwai masu cewa ko sisin kwabo na gwamnati bai kamata ya shiga ginin da ikilisiya ta mallaka ba. Hujjarsu ita ce sashe na 10 na Tsarin Mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, kuma kuɗin baitulmali na Musulmi ne da Kirista da mai bin gargajiya baki ɗaya. Wannan magana tana da nauyi, kuma Kiristan da yake ƙorafi idan ya ga an karkatar da kuɗin jama'a zuwa wani addini bai kamata ya rufe ido ba idan abin ya juyo ta wajensa. Sai dai akwai bambanci tsakanin a gina wa ikilisiya majami'a da a sayi jinya daga hannun ikilisiya domin ɗan ƙasa. Idan ƙofar wurin a buɗe take ga kowa, ba a tilasta wa kowa shiga sujada kafin a ba shi magani, ba a kuma mayar da ɗakin kwanciya ya zama zauren taro ba, to gwamnati ba ta ɗauki addini ba, ta sauke nauyin da ke kanta ne ta hannun wanda ya iya.

Gardama ta biyu daga cikin gida take fitowa, ta kuma fi ta farko haɗari. Akwai masu cewa aikin Allah ba ya buƙatar mai bincike, cewa bawan Allah ga Allah kaɗai zai ba da lissafi, don haka a ba da kuɗin a ja da baya. Abin da ya faru a ƙasar nan ya isa amsa. Daga Agusta 2018 zuwa Satumba 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ziyarci wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a jihohi 8 da Birnin Tarayya, ta tarar da mutane a ɗaure da sarƙa a kusan dukkansu. A cikin wuraren akwai na gwamnati, akwai na masu maganin gargajiya, akwai gidajen mari, akwai kuma majami'u. Lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, wasu masu bi sun ɗauka abin na wasu ne can. Rahoton ya nuna cewa sarƙa ba ta san addini ba.

Dalilin da ya sa wannan fanni ya fi kowane buƙatar ido daga waje a fili yake. Mai karaya, idan aka cuce shi a asibiti, zai yi magana a saurare shi. Mai taɓin hankali kuwa, idan ya ce an doke shi, ko an hana shi abinci, ko an ci zarafinsa, sai a ce ciwon ne yake magana. Shi ne mutumin da aka riga aka soke shaidarsa tun bai buɗe baki ba. Sharaɗin da ke biye da kuɗin gwamnati, da jami'in da zai shigo ya duba ƙafafunsa, su ne suke tsaya masa a matsayin baki. Ikilisiyar da ta ƙi wannan ta ƙi shaidar mafi rauni a cikin gidanta.

Littafi Mai Tsarki ma bai goyi bayan ɓoye lissafi ba. A zamanin Sarki Yowash, kamar yadda 2 Sarakuna sura 12 ta nuna, an yi shekaru ana karɓar kuɗin gyaran Haikali amma gyara bai samu ba, har sai da aka ajiye akwati mai huda, magatakardan sarki da babban firist suna ƙidaya kuɗin tare. Manzo Bulus, sa'ad da yake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya tafi da wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Game da sarƙa kuwa, Markus sura 5 ta ba da labarin mutumin ƙasar Garasinawa da yake zaune a makabarta. Mutanen garinsa ne suka sha ɗaure shi da sarƙa da mari, abin bai yi amfani ba. Ubangiji Yesu bai ɗaure shi ba. An same shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa, da ya roƙa ya bi Yesu kuma, sai aka aike shi gida wurin mutanensa. Duk gidan addu'ar da ke da zobe a jikin bango ya ɗauki hanyar mutanen gari, ya bar ta Mai Ceto.

Sharuɗɗan da suka dace

Misalin Basamariye mai tausayi a Luka sura 10 ya ƙunshi kusan dukan abin da ake buƙata. Basamariyen bai tsaya gina masauki ba, ya kai mai raunin masaukin da ya tarar a hanya. Ya ba mai masaukin dinari biyu, wajen ladan ƙwadago na kwana biyu, ya faɗi abin da kuɗin zai yi, wato a kula da wannan mutum. Ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru. Ya kuma ce zai komo. Kuɗin ya bi mai rauni, an ambaci aikinsa, ba a tsaya a biyan farko ba, mai bayarwa kuma zai dawo ya gani da idonsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga askin da ya wajaba a kan duk ikilisiyar da ta karɓi kuɗin jama'a.

Na farko, wurin ya zama mai rajista a wurin hukumar lafiya ta Birnin Tarayya, da takardar shaidar cika ƙa'ida, da ƙwararren ma'aikacin jinya a kullum da likita mai zuwa a kai a kai. Fasto yana da aikinsa a gefen gado, aiki ne mai daraja, amma ba shi ne zai ce a daina shan magani ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Luka mai bishara ma likita ne.

Na biyu, babu sarƙa, babu bulala, babu azumin dole. Idan majinyaci ya kai matsayin da zai ji wa kansa ko wani rauni, likita ne zai yanke shawarar abin da za a yi, na ɗan lokaci, a kuma rubuta.

Na uku, ƙofa ta zama a buɗe ga jami'an bincike ba tare da sanarwa ba, haka kuma ga dangi. Wurin da ake hana uwa ganin ɗanta wata da watanni yana da abin da yake ɓoyewa.

Na huɗu, a karɓi kowa ba tare da tambayar addininsa ba, kada kuma a yi amfani da rauninsa a sa shi furta abin da bai fahimta ba. Bangaskiyar da aka karɓa daga bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba riba ba ce ga bishara.

Na biyar, kuɗin gwamnati ya zauna a asusunsa dabam, kada ya gauraya da baiko da zakka, a kuma rubuta yawan shekarun da ginin zai yi yana wannan aiki. Idan ikilisiya ta sauya ra'ayi ta mayar da shi makaranta ko masaukin baƙi, sai ta mayar da kuɗin jama'a.

Gwamnati ma tana da nata askin. Wanda ya gindaya sharaɗi dole ya cika alkawari. A Abujar nan ne, a watan Afrilu na 2001, shugabannin Afirka suka amince su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, kuma kasafin Tarayyar Nijeriya bai taɓa kai wannan mizani ba. Bai dace hukuma ta ba da kuɗin bulo da kwano ta tafi, ta bar ikilisiya da albashi da magani da wutar lantarki ba. Ubangiji ya yi gargaɗi a Luka sura 14 a kan mai gina hasumiya bai zauna ya yi lissafin gamawa ba. Bai kuma dace ta fake da gudunmawar da ta bayar ta ƙwace wurin wata rana ba. Abin da ya fi duka, kafin a yi maganar katafaren gini guda a tsakiyar birni, ya kamata a fara da ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya horarre da kabad na magani a asibitocin da suke tsaye tun tuni a Abaji, Kwali, Kuje, Gwagwalada, Bwari da ƙaramar hukumar birni. Yawancin masu wannan lalura ba kwanciya suke buƙata ba, magani suke buƙata wanda ba ya yankewa, da wanda zai saurare su sau ɗaya a wata.

Nauyin da ke kan gida da ikilisiya

Iyalin da wannan jarrabawa ta same su ba su yi abin kunya ba, ba kuma alamar ƙarancin bangaskiya ba ce. Kafin su bar ɗansu ko 'yarsu a hannun kowa, ko da mai suna ne a wa'azi, suna da iko su nemi ganin takardar rajista, su tambayi sunan likitan da ke zuwa, su shiga har ɗakin kwana su duba bango da ƙafar gado, su kuma ji ranar da za a sallame shi. Wurin da ba ya maganar sallama ba wurin jinya ba ne.

Majalisar dattawan ikilisiya kuwa, kafin ta rubuta wa gwamnati takardar neman tallafi, ya kamata ta fara duba nata kasafin. Ikilisiyoyi da yawa a Abuja sun iya tara miliyoyi domin tayil da na'urar sanyaya ɗaki da sabon bagadi. Kaɗan daga cikin wannan zai horar da ma'aikacin jinya ɗaya, ko ya saya wa gwauruwa maganin ɗanta na shekara guda, ko ya biya kuɗin mota zuwa Karu ko Gwagwalada. Zumuntar mata da ta matasa suna iya karɓar ziyarar irin waɗannan gidaje bi da bi, domin mai jinya ma ta sami kwana ɗaya ta huta. Wanda ya warke ya dawo, a ba shi wurin zama a cikin jama'a, a mayar masa da aikinsa a ƙungiyar mawaƙa ko a makarantar Lahadi, a daina nuna shi da baki.

Ikilisiyar da ta riga ta yi waɗannan da kuɗinta tana da bakin da za ta nemi na jama'a, kuma ranar da mai bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa, babu ɗakin da za a yi saurin kullewa kafin a buɗe masa.